Anti, da girmana hoto ya shiga raina, na makara ne?

Ga saƙon da ya shigo, na ɗan rage masa tsawo:

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ni malamar firamare ce a Zariya, shekarata 41, yarana biyar. Shekara biyu da suka wuce ƙanina ya canza waya ya bar min tsohuwar mai kyamara mai kyau, na fara ɗaukan yara kamar kowa, daga nan fa abu ya zarce, na koma ɗaukan hayaƙin murhu da sassafe, hannun gwaggona tana kirɓa fura, mata in sun zauna kitso a tsakar gida. Yanzu ko a aji nake in naga haske ya faɗo ta taga sai hankalina ya tafi. Mata sun fara kirana kamu da sa lalle da suna saboda basa son namiji ya shigo musu, ana bani ɗan abinda ya samu, amma wallahi hoton biki baya min daɗi, kowacce so take in mayar da ita fara tas. Maigida bai hanani ba amma dariya yake min, danginsa kuma suna cewa da girmana na zama 'yar yawon hoto, wata ma tace haramun nake aikatawa. Wata mai zuwa zan kwashi adashi, ina tunanin in sayi kyamara har ma in ajiye koyarwa. Amma in na shiga Instagram naga abinda yara 'yan shekara 22 suke yi sai jikina yayi sanyi. Na makara ne? Kuma ta yaya mutum yake tashi daga mai ɗaukan hoto ya zama mai fasaha na gaske?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Da namiji ne ya turo da nace masa gemu baya hana ilimi na wuce wajen, toh ke baki da gemu, dan haka sai na baki labarin wata mata. Sunanta Julia Margaret Cameron, 'yar Ingila, a ƙarshen 1863 'yarta da surukinta suka bata kyautar kyamara wai dan ta samu abin rage kaɗaici, lokacin shekararta 48, ta haifi shida ta riƙe na riƙo da dama. Ta kori kaji daga akurki ta mayar da shi ɗakin ɗauka, ɗakin ajiye gawayi kuma nan take wankin hoto, kuma kyamarar lokacin ba irin taku bace ta danna ki gani, farantin gilashi ne ake shafa masa magani a ɗauka tun yana jiƙe, wanda ake ɗauka kuma sai ya daskare na mintuna bai motsa ba. Masu sana'ar na zamanin sun yi ta mata dariya wai hotunanta dishi-dishi ne basa fita tar. A 1865 gidan tarihin South Kensington na Landan, wanda yanzu ake kira Victoria and Albert, ya sayi hotunanta, kuma yau duk wanda zai koyar da tarihin hoto sai ya biya ta kanta. Ranar da ta fara taɓa kyamara ta girmi shekarunki na yau da bakwai. In kuma kince wannan ai Baturiya ce, ga Fati Abubakar nan 'yar Maiduguri, aikin jinya ta karanta a jami'ar garin, ta je Landan ta ƙaro karatun lafiyar al'umma, sannan a 2015 ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram saboda ta gaji da yadda duniya bata ganin komai na garinsu sai bam da kuka, ta shiga ɗaukan 'yan kasuwa da 'yan makaranta da masu kwalliyar sallah. Maganar makara kenan, ki cire ta a lissafi, ba a nan gizo ke saƙar ba.

Yaran nan na Instagram da suke sanyaya miki jiki, a basu haƙƙinsu, sun iya editin, hannunsu da sauri, suna da lokacin kwana a YouTube wanda ke baki da shi, kuma duk wannan abin koyo ne, wata shida na naci ya isa ki kamo mafi yawansa. Amma ki sake buɗe shafukan nasu ki duba da kyau me suke ɗauka. Amarya a gaban fulawar roba, saurayi ya jingina da mota, doki ranar hawa, faɗuwar rana. Abu ɗaya, kala ɗaya, in kika rufe sunan bazaki gane na wane da na wane ba. Abinda ke kike da shi su basu da shi, kuma ba a koyonsa a YouTube, shine ana barinki ki wuce zaure. Kina shiga har ƙuryar ɗaki ki zauna a gefen gado a cigaba da hira kamar bakya nan, saboda ke uwa ce, malamar yaransu ce, kin yi wankan jego sau biyar kinsan me ake ciki, kinsan lokacin da tsohuwa zata yi shiru da lokacin da zata fashe da dariya. Shekaru 41 ɗin da kike ƙorafi a kansu su suka buɗe miki wannan ƙofar.

Ki duba tsofaffin hotunan ƙasar nan da ake yawo da su a Facebook, na zamanin Turawa. Sarki a kan doki, 'yan lifida, ganuwa, ƙofar gari, dalar gyaɗa a Kano, kasuwa daga nesa. Duk abubuwan da baƙo zai iya gani ne yana tsaye a waje. Daga zaure zuwa ciki kusan babu komai, alhali rabin rayuwar Bahaushe a can take. Ko a rubuce ma sai da aka samu mace ta shiga. A ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, a nan yankinku, Giwa da Zariya, wata Baturiya Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa ana kiranta Baba tana bata labarin rayuwarta, aure da kishi da ƙawance da haihuwa, mijin Baturiyar M. G. Smith yana can waje wajen maza yana binciken sarautar Zazzau, shi ba damar shiga. Labarin ya fito littafi a 1954 da sunan Baba of Karo, kuma har gobe masu bincike shi suke buɗewa in suna son sanin cikin gidan Hausa na wancan zamanin. Sama da shekara 70 kenan. Abinda Baba ta faɗa da baki har yanzu 'yan kaɗan ne suka nuna shi da hoto, kuma yana ɓacewa a gaban idonmu, turmi ya koma inji, murhu ya koma gas, jeren kwalla da tasa ya koma kabet ɗin gilashi, zanen fuska kuwa sai a fuskar tsofaffi. Ke da hannunki kin riga kin kama wannan aikin, hannun gwaggo da fura da kitson tsakar gida, kawai dai kina ɗaukarsa wasa ne shi kuma biki kina ɗaukarsa aiki.

Toh yanzu tambayarki ta ƙarshe, wadda ita ce ta gaske. Mai ɗaukan hoto yana ɗaukan duk abinda ya burge shi yau, gobe ya koma wani. Wanda ake kira mai fasaha kuma abu ɗaya yake kamawa ya ƙi saki har mutane su fara tambaya ko lafiyarsa ƙalau. Akwai wani dattijo J. D. 'Okhai Ojeikere, mutumin jihar Edo ta yanzu, a 1950 ya sayi 'yar kyamarar Brownie a Enugu, ya yi aikin gwamnati a Ibadan a ɗakin wankin hoto, ya yi gidan talabijin, ya yi kamfanin talla a Legas, duk aikin neman abinci. A 1968 ya fara ɗaukan kitson mata, kitso kawai, baƙi da fari, bayan fage babu tarkace, yana rubuta sunan kowane kitso da inda ya fito, ya yi ta yi shekara da shekaru har ya tara kusan dubu. Hotunan tallan da aka biya shi ya yi ba wanda yake maganarsu yanzu, kitson nan ne ya kai shi babban baje kolin fasaha na Venice a 2013, shekara ɗaya kafin rasuwarsa. Kuma ki lura da wani abu da zai miki amfani sosai, da yawa daga hotunan nan ta ƙeya ya ɗauke su ko ta gefe, fuska bata fito ba, kuma ba abinda suka rasa.

Dan haka ki zaɓi abu ɗaya ki bashi shekara guda cur. Ba "rayuwar mata" ba, wannan ya yi faɗi, bazaki taɓa gamawa ba kuma bazaki san ko kin fara ba. Ki matse shi. Wankan jego daga ranar haihuwa zuwa arba'in, tafasa ruwa da ganyen darbejiya da kunun kanwa da gashin nama da tsohuwar da ke tsaye a kai. Ko hannuwan tsofaffin gidanku da abinda kowane hannu ya iya. Ko mai kitso ɗaya da kwastomominta daga wannan sallah zuwa wata sallah. Ko masu ɗinkin hula da aikin rigar maza da ake kai wa mata cikin gida, wanda Zariya ta yi suna a kansa amma masu sa rigar basu taɓa ganin hannun da ya yi ba. Ni da nice da jego zan ɗauka, saboda shi ne namiji bazai taɓa shiga ba ko da kyamararsa ta miliyan nawa ce, amma ke kika san wanda yake hanaki barci. In kin zaɓa sai ki riƙa komawa wuri ɗaya, mutane ɗaya, har su gaji da gyara ɗankwali in sun ganki, ranar da suka daina gyarawa ranar aikin ya fara. Ki ajiye ɗan littafi, kowace rana ki rubuta kwanan wata, unguwa, me ake yi, sunan abin da tsohuwa ta kira shi, in ta yarda ma ki naɗi muryarta. Hoton da ba bayani nan da shekara 30 ya zama "wata tsohuwa a wani gida", mai bayani kuma tarihi ne.

Sai ɓangaren da masu farawa suka fi tsana, zaɓe. Aikin kamar tsintar wake ne, ba yawan abinda kika zuba a faifai ake dubawa ba, abinda kika iya zubarwa ne. Duk ƙarshen wata ki fitar da talatin daga abinda kika ɗauka, ki kai situdiyo a wanke miki su ƙananan kati, ki shimfiɗa su a tabarma ki tsaya a kansu. A waya komai kyau yake yi saboda hasken gilashi, a takarda ne ƙarya take ƙarewa. Ki ajiye su sati ɗaya ki dawo, zaki ga wanda kika fi so saboda kin sha wahala kafin ki same shi ba lallai shine mai kyau ba, mai kallo bai san wahalarki ba kuma ba ruwansa. Ki rage su zuwa biyar. A ƙarshen shekara daga cikin biyar-biyar ɗin nan ki fitar da 15 zuwa 20 ki jera su yadda ɗaya zai kai ga ɗaya, wannan jerin shine aikinki na farko, kuma irinsa ake nema in an buɗe ƙofar turo aiki a bukukuwan hoto kamar LagosPhoto da aka fara a 2010, ko na Bamako da ake yi tun 1994, jeri ɗaya da gajeren bayani, ba hoto ɗari na abu ɗari ba.

Kuma kina buƙatar ido mai tsauri, ba na ƙawaye masu "masha Allah hajiya kin iya" ba. Ke kam Allah ya ajiye ki a Zariya. Sashen zane-zane na ABU yana nan Samaru, a nan ne a 1958, tun makarantar bata zama jami'a ba, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu suka ce zasu karɓi dabarar Bature amma abinda zasu zana na gida ne. Ki ɗauki katunanki a ambulan ki je ki nemi malami ko malama ki ce a duba miki a gaya miki gaskiya. In an nuna miki laifi kar ki tsaya kare kai, ki rubuta ki tafi gida ki yi fushinki a can, bayan kwana uku ki sake dubawa.

Yanzu zan miki magana da babbar murya, saboda ƙofar nan da aka buɗe miki amana ce, kuma hoto ɗaya ya isa ya rufe ta har abada, ya rufe wa duk macen da zata zo bayanki. Matar da ta bari kika ɗauke ta ba mayafi, ke ta yarda da ke, bata yarda da mabiyanki na Instagram ba. Izinin ɗauka daban, izinin sakawa daban, na biyun sai kin nuna mata hoton da idonta kin faɗa mata inda zai je da waɗanda zasu gani, in matar aure ce kuma kinsan halin garinmu, ki bari ta yi shawara da mijinta, kar hotonki ya zama sanadin yaji. In daga baya ta ce a cire, a cire, ba gardama, ko da shine mafi kyau a jerin. Wayar da kike ɗauka da ita ki sa mata makulli, kar ki ba yara su yi gem, in ta lalace ki kwashe komai kafin ta je hannun mai gyara. 'Yan ajinki kuma ki bar su kwata-kwata, ba ki da hurumin saka 'ya'yan mutane a intanet dan kina malamarsu. A nan dabarar Ojeikere take shigowa, ƙeya, hannu, ƙafa mai lalle, inuwa a bango, tururi ya rufe fuska, sau da yawa ma hoton ya fi ƙarfi haka saboda mai kallo sai ya ga uwarsa ko kakarsa a ciki.

Biki kuma kar ki raina shi. Seydou Keïta na Bamako, kafinta ne tun farko, a 1948 ya buɗe situdiyo a tsakar gidansu, hasken rana yake amfani da shi, zanen gadonsa ne labulen bayan fage na farko, mutane suna zuwa su biya a ɗauke su da kwalliyarsu, aikin kuɗi ne zalla. Amma ya san yadda zai zaunar da mace, inda zata ɗora hannu, yadda zanen jikinta zai yi magana da labulen baya, kuma ya adana fim ɗinsa bai zubar ba. Sai a shekarun 1990, yana wajen shekara 70, duniya ta gano shi, yau hotunan kwastomomin nan suna manyan gidajen tarihi. Ki yi wa amarya abinda ta biya, tsayuwa da ƙawaye da dangin ango duka, amma tsakanin wannan da wannan idonki ya kasance a kan uwar amarya da ta zauna can gefe ta yi tagumi, ko tsohuwar da ke kwaɓa lalle. Waɗannan naki ne, in sun yarda.

Maganar "mayar da ni fara" kuwa, rabinta son zuciya ne, rabinta kuma laifin masu hoto ne da suka saba fitar da baƙar fata kamar an shafa toka, har mata suka ɗauka in ba a yi musu bilicin a editin ba bazasu yi kyau ba. Ga abinda yake faruwa. Kyamara, ta waya ko babba, tana auna hasken wurin ne ta nemi tsaka-tsaki, in amarya ta sa farin leshi ko akwai farin bango sai kyamarar ta ga haske ya yi yawa ta rage, leshin ya fito daidai fuskar ta nutse. Maganinsa ki taɓa fuskar a gilashin wayar ki danne har awon ya kulle, sannan ki ja hasken sama kaɗan, a babbar kyamara kuma ki ƙara mataki ɗaya a ma'aunin haske. Sannan wurin tsayuwa, kar ki tsayar da ita a ranar tsaka, inuwa zata cika mata ramin ido, kuma kar ki harba mata filasha a goshi. Ki kawo ta bakin ƙofar ɗaki ko kusa da taga, ita tana cikin inuwa tana fuskantar waje, hasken ya zo mata ta gefe, in ɗaya kuncin ya yi duhu ki sa wata ta riƙe farin zani ko farin kwali a wajen ya mayar mata da haske. Ki kashe ƙwan ɗakin in kina amfani da taga, haske biyu masu kala daban suna ɓata launin fata. Lokacin hunturu kuma hazo da kansa yake tace rana, da hantsi zaki samu haske mai laushi kyauta. Baƙar fata in ta samu irin wannan hasken sheƙi take yi, ki nuna mata a nan take, da yawa zasu bar maganar fari da kansu. Wadda ta dage kuma ki ce mata akwai masu yi, ke bakya yi. Ki karɓi rabin kuɗinki kafin ranar, kuma in zaki tura hotuna ta WhatsApp ki tura su a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse su ya kashe miki aiki.

Koyarwa kuma bazaki ajiye ba, ban yarda ba. Nasan za a baki labarin Sebastião Salgado ɗan Birazil, masanin tattalin arziki da ya ajiye aikinsa a ƙungiyar kofi ta duniya a Landan a 1973 ya kama hoto, har ma cikin ayyukansa na farko akwai farin da aka yi a Nijar a wannan shekarar. Gaskiya ne, amma shekararsa 29 kuma ko ɗa ɗaya basu haifa ba lokacin. Ke biyar gareki. Albashin nan komai ƙanƙantarsa da jinkirinsa shine yake baki bakin cewa bakya bilicin, ranar da kuɗin makarantar yara ya koma kan hoto, ranar zaki fara mayar da kowa fari tas kina godiya. Kar ki saki reshe ki kama ganye. Aikin malanta ma ai ya dace da wannan harkar, kina tashi da rana, Asabar da Lahadi naki ne lokacin da ake biki, ga dogon hutu. In nan da shekara biyu ko uku littafin lissafinki ya nuna hoto yana kawo abinda ya fi albashi wata bayan wata, har da watan azumi da damina da biki yake ja baya, sai ki sake turo min mu yi magana.

Wadda ta ce haramun, kar ki yi faɗa da ita, maganar tana da asali kuma malamai sun daɗe suna saɓani a kai. Sheikh Bin Baz da Sheikh Albani sun hana hoton mai rai sai da lalura kamar fasfo da katin shaida. Sheikh Muhammad Bakhit, wanda ya yi muftin Masar, ya halatta tun farkon ƙarnin da ya wuce, yace kama inuwa ne ba ƙaga siffa ba, Sheikh Ƙaradawi ma a kan haka yake. Sheikh Uthaimin yace ɗauka da kyamara ba shine zanen hannu da hadisi ya tsoratar a kai ba, hukuncin yana bin abinda aka yi dominsa, duk da shi ya tsananta kan ratayewa da ajiyewa dan tunawa. Fatawa ba aikina bane, ki je wajen malamin da kika yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa, ki faɗa masa ainihin abinda kike ɗauka da inda yake zuwa, ki bi abinda zuciyarki ta natsu da shi. Abinda dai ba wanda ya yi saɓani a kai shine fitar da tsiraici da tona asirin gidan mutane, shi kuma na riga na gaya miki.

Maigida da yake dariya bai hana ba, wannan ai kin ci riba, da yawa ko dariyar basa samu. Kar ki nemi ya fahimci fasaha, ki nemi ya ga tsari, ki faɗa masa inda zaki da lokacin dawowa kuma ki dawo a lokacin, girkinsa kar ya zama abin da hoto ya ci. Dangi kuma akwai hanya gajera. Ki shirya wata Juma'a ki je wajen Hajiya mahaifiyarsa, ki bari ta yi kwalliyarta yadda take so, ki zaunar da ita a bakin ƙofa da hasken nan da na faɗa miki, ki ɗauke ta da natsuwa, ki wanke babba, in gidan basa rataye hoto ki sa a albam, ki ba kowane ɗa nata ɗaya. Mai cewa 'yar yawon hoto ita zata fara kiranki ranar sunan jikanta.

Adashi. Eh ki sayi kyamara, saboda kina aiki a ɗakuna masu duhu da daddare kuma a nan waya take gazawa, amma kar ki wuce rabin kuɗin, kuma ba sabuwa ba. Tokumbo irin Canon 600D ko 700D, ko Nikon D3200 ko D5200, sun tsufa amma sun fi ƙarfin abinda kike buƙata yanzu. Kuɗin ki sa shi a lensi, shi ne idon. Kowa zai ce miki 50mm f/1.8, yana da araha yana shan haske sosai kuma yana da kyau a fuska, amma a kan waɗannan kyamarorin yana matse wuri, a ɗakin amarya sai kin manne da bango baki samu mutum biyu ba. In Nikon ce ki nemi 35mm f/1.8, in Canon ce akwai ɗan siririn 24mm f/2.8. Kuma a Nikon ɗin nan ki tabbatar lensin mai rubutun AF-S ne, tsohon lensi mai harafin D a ƙarshen sunansa bazai saita kansa a jikinsu ba sai da hannu. Ki je da wanda ya san kaya, a duba adadin ɗaukan da ta yi, irin waɗannan ana ƙiyasta musu wajen dubu 100 ne, wadda ta kusa nan ki barta. A haska tocila cikin lensin a ga ko ya yi fumfuna, a ɗauki farin bango da ƙofar haske a matse a f/22 a ga ko akwai ɗige-ɗigen ƙura. Sauran kuɗin ki sayi batir na biyu saboda halin wutarmu, memori biyu, da had disk na ajiya, kuma duk hoton da kika zaɓa ya zauna a wuri biyu, ɗaya a had disk ɗaya a Google Drive. Editin kuma manhajar Snapseed kyauta ce, Lightroom na waya ma akwai na kyauta, sun isheki shekarar farko. Da hunturu kar ki cire lensi a tsakar gida, ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa ki juya bakin kyamarar ƙasa sannan ki canza. Allah ya sa albarka, ki gaida Hajiya da yaran.